Duban Rufin Kwano Kafin Damina

Idan an gama rufin makaranta a Jabo, kada Hakimi ya shaida wa hukumar Tambuwal aiki ya kammala sai magatakarda ya duba. Ya shiga ajin da rana tsaka, ya rufe tagogi, ya ɗaga kai: inda haske ya leƙo, nan ruwa zai zubo. Sa'an nan a kafa tsani. Bisa tudun kwano ake buga ƙusa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, ko da yake ragon kafinta ya fi son kwarin. Fallen sama ya hau na ƙasa da inci 6. A tsananta duban gefen gabas, gama daga can hadarin farkon damina ke tasowa, iskarsa kuwa takan yaye rufin da ba a ɗaure katakonsa da bango ba.