Darasi Na Tara: Jikinka Ne Jarinka Na Farko

Ƙasar Zuru ƙasar aiki ce. Daga Dabai zuwa Ribah, daga Mahuta zuwa Dirin Daji, da ƙarfin jiki ake neman abinci. Ana noman dawa da masara da gero da shinkafa da wake da gyaɗa. An kuma san Zuru a duk Najeriya da yawan 'ya'yanta da suka shiga aikin soja. Manomi da soja da mai tuyar ƙosai da ɗan acaɓa, duk jari ɗaya suke juyawa, wato lafiya. Ranar da jiki ya kwanta, aikin gona ya tsaya, ciniki ya tsaya, tukunya ma sai ta huce.

Manomin kirki ba ya barin fartanyarsa a waje ta yi tsatsa. To, jiki ya fi fartanya bukatar kulawa, domin ita idan ta lalace ana sayo wata a maƙera. A wannan darasi za mu duba abu uku: tunani, abinci da tsafta. Yawancin abin da za mu ambata ba ya cin kuɗi. Abin da yake bukata shi ne a riƙa yin sa kullum.

1. Kula da tunani

A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi yakan shiga golmo. Shi da tsararrakinsa sukan yi shekaru suna noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Golmo yana koya wa matashi juriya da haƙuri da aiki tare da 'yan'uwa. Waɗannan halaye ne masu kyau, kuma har gobe ana bukatarsu.

Amma juriya ba ta nufin mutum ya ɓoye abin da ke cin ransa. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da ƙauyukansu a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai. Wasu sun rasa 'yan'uwa, wasu sun rasa shanu da gonaki. Irin wannan tashin hankali yana barin ciwo a zuciya. Alamominsa su ne rashin barci, ƙin abinci, faɗuwar gaba, saurin fushi da son kaɗaici. Wanda ya ga haka a kansa, ya samu wanda ya amince da shi ya faɗa masa: ɗan'uwa, ko aboki, ko liman, ko fasto. Idan abin ya wuce mako biyu bai sassauta ba, a je asibiti. Damuwa cuta ce mai magani, babu abin kunya a cikinta.

Babba yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8 a kowane dare. Barci ne ke mayar wa jiki ƙarfin da ya kashe da rana. Ƙwaya ba ta yin wannan aikin. Wasu matasa kan sha tiramadol don su daɗe suna noma ba su ji gajiya ba. Gajiyar tana nan, ƙwayar rufe ta kawai take yi. A kwana a tashi sai mutum ya kasa aiki in bai sha ba, wani ma har ya riƙa faɗuwa yana jijjiga. Saboda irin wannan ɓarna gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018.

Sannan kada ka raina kanka. Zuwanka wannan aji da furfura a kai gyaran kai ne babba. Ɗauki buri guda ɗaya, kamar iya rubuta sunanka ko karanta takardar magani, ka bi shi har ka cim masa, sannan ka ɗauki wani.

2. Kula da abinci

Cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Abinci kashi uku ne, kuma jiki yana son kowane kashi a kowace rana.

Masu ba da ƙarfi: dawa, gero, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai.

Masu gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, daddawa, ƙwai, kifi, nama da nono.

Masu kare jiki daga cuta: zogale, rama, yakuwa, kuka, alayyafo, kuɓewa, kabewa, tumatir, mangwaro, gwanda da lemo.

Wata rana a aji wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu talakawa ina muka ga kuɗin nama kullum?"

Malama ta ce, "Inna, me kika dafa jiya da dare?"

Ta ce, "Tuwon dawa da miyar kuka."

"Me kika sa a miyar?"

"Daddawa da barkono da ɗan gishiri."

Malama ta ce, "To, Inna, kin kusa haɗa kashi ukun. Gobe ki daka ƙuli-ƙuli ko ki niƙa wake ki zuba a miyar. In da hali ki jefa busasshen kifi. Da rana ki yi wa jikokinki kwaɗon zogale. Kin ga ba ki je wurin mahauci ba, amma jiki ya samu haƙƙinsa."

Ga wasu abubuwa da ya kamata kowane gida ya sani. Manja da kabewa da mangwaro da gwanda suna taimakon ido, suna kuma hana dundumi. Wake da ganyaye da hanta suna ƙara jini, don haka mai ciki da mai shayarwa su fi kowa samunsu. Shan shayi tare da abinci yana rage amfanin abinci mai ƙara jini, gara a jinkirta shi. A sayi gishiri mai sinadarin aidin, domin yana hana maƙoƙo.

Amma gishiri kaɗan ake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, shi kuma hawan jini yakan yi shekaru ba a ji alamarsa ba, sai ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Babba ya riƙa zuwa ana auna jininsa ko da yana jin garau. A rage suga da lemon kwalba.

A lura da rumbu. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe gubar. A busar da hatsi sosai a kan tabarma ko leda kafin a adana, a tsince ruɓaɓɓu a zubar. Kada a zuba maganin feshi a cikin waken da za a ci. Kada kuma a ɗebi ruwan sha a jarkar da aka gama maganin feshi, ko an wanke ta sau nawa. Ruwan rafi ko na rijiyar da ba ta da murfi, a tafasa shi kafin a sha. A rufe randa, a keɓe mata moɗa ɗaya.

3. Kula da tsafta da ado

Hannu ne babbar hanyar da cuta ke bi ta shiga ciki. A wanke shi da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, da kafin cin abinci. In babu sabulu, toka tana taimakawa. A zuba ruwan daga buta, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya. A yanke farce, domin datti da ƙwan tsutsar ciki a ƙarƙashinsa suke maƙalewa.

A goge haƙori sau biyu a rana, da safe da kafin kwanciya, da asuwaki ko buroshi. A yi wanka kullum. Wanda ya dawo daga feshi a gona ya yi wanka da sabulu nan take, ya wanke kayan aikin daban da na iyali. A shanya tufafi da shimfiɗa a rana, hakan yana rage ƙwarƙwata da ƙaiƙayi. A riƙa sa takalmi, musamman wajen shiga bayan gida.

Idan za ka yi aski ko yankan farce, ka tafi da sabuwar rezarka. Reza ko askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Wanzami na gari ba zai ji haushi ba don ka nemi haka.

Lokacin hunturu fata takan bushe, ƙafa ta yi faso. Man kaɗanya ya isa magani, kuma matanmu ne ke yin sa. A guji man canja launin fata. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa da yawansu suna ɗauke da sinadarai masu ƙona fata da lalata ƙoda. Haka nan kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a sa wa jariri.

Ado ba sai da sabuwar riga ba. Mutane sukan caɓa ado ranar Sallah da Kirsimeti da bikin Uhola, amma tsafta ta kowace rana ce. Tsohuwar riga wankakkiya, kai a gyare, baki ba wari, sun isa su sa a saurari mutum da mutunci a kasuwa ko a gaban hakimi.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi uku na damuwa.
2. Awa nawa ya kamata babba ya yi barci?
3. Kawo abinci biyu daga kowane kashi na abinci.
4. Me ya sa ba a cin gyaɗar da ta yi fumfuna?
5. A waɗanne lokuta ake wanke hannu da sabulu?

Aikin gida

Rubuta abin da aka ci a gidanku jiya, safe da rana da dare. Duba ko akwai kashin da babu a ciki. Sannan ka zaɓi abu ɗaya daga wannan darasi da za ka fara yi daga yau, ka rubuta shi a littafinka. Mako mai zuwa kowa zai karanta wa aji nasa.