Darasi na 12: Yadda Ake Daidaita Hoton Talabijin

Wani manomi a Kalgo ya sayar da shinkafarsa bayan kaka. Ya tafi Birnin Kebbi ya sayo akwatin talabijin, irin shafaffen nan mai kama da allo, wanda mutane ke kira filasma. A kanti hoton ya yi masa kyau ƙwarai. Amma da ya kawo gida ya kunna da dare, sai haske ya cika ɗaki. Fuskokin mutane suka yi ja kamar an shafa musu manja. Kafin sa'a guda idanun yara sun soma hawaye, batirin sola kuma ya mutu tun ba a gama labarai ba. Mutumin ya ce an cuce shi, gobe zai mayar.

Da safe ƙanensa ya zo daga Gwandu. Shi kuwa ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu. Ya duba ya ce, "Yaya, akwatinka lafiyarsa lau. Ba a daidaita shi ba ne kurum. Bari dare ya yi in nuna maka."

DALILIN HAKA

Masu ƙera talabijin sukan ƙure masa haske da launi tun daga ma'aikata. Suna yin haka domin kanti, inda fitilu suke da yawa, kuma kowane akwati yana neman jan idon mai saye. To, ɗakinka ba kanti ba ne. Hasken da ya wuce kima yana gajiyar da ido, yana cin wuta, yana kuma tsufar da akwati. Watau hasara uku ke nan.

KA SAN IRIN NAKA

An fara nuna talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, sa'an nan a Kaduna cikin 1962. Akwatunan wancan zamani masu ƙaton ƙeya ne. Shafaffu daga baya suka zo.

Filasma na ainihi yana da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna a bayan gilashinsa, cike da wata irin iska. Idan lantarki ya ratsa iskar, sai kowane ɗaki ya ba da haskensa, ja ko kore ko shuɗi. Yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, yana cin wuta. Kamfanonin Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera shi cikin 2014. Saboda haka sabon da za ka gani cikin kwali yanzu galibi LED ne, mai fitila a bayan gilashi, ko da mai kanti ya kira shi filasma. Na ainihi sai a wurin masu kayan hannu. Amma hanyar daidaita su kusan ɗaya ce.

YADDA ZA KA YI

Ka yi aikin a lokacin da ka saba kallo, da fitilar da ka saba kunnawa. Kalmomin da za su fito a gilashi da Turanci suke. Kada ka ji tsoronsu, kaɗan ne. Ka karanta su harafi harafi.

1. Danna Menu a jikin rimot, ka zaɓi Picture, watau hoto. Idan ka ga Vivid ko Dynamic, wannan shirin kanti ne. Mai da shi Standard ko Movie. Da farko za ka ga kamar hoton ya dushe. Yi haƙuri, ido zai saba.

2. Brightness shi ke kula da baƙi. Nemi hoton mutum mai baƙin rawani. Idan rawanin ya zama dunƙule guda, ba ka ganin naɗinsa, ƙara kaɗan. Idan ya koma ruwan toka kamar hazo ya rufe shi, rage.

3. Contrast shi ke kula da fari. Dubi mai farar babbar riga. Idan aikin da ke wuyan rigar ya ɓace cikin haske, ya yi yawa. Rage shi sannu sannu har zaren ya fito.

4. Colour shi ne launi. Ma'auninsa fuskar ɗan Adam, gama kowa ya san kamanninta. Rage har mai karanta labarai ya yi kama da mutumin da za ka gamu da shi a kasuwa, gonar shinkafa kuma ta yi kore irin na fadama.

5. Sharpness ba ya ƙara wa hoto komai sai farin zane a gefen abubuwa. Rage shi ƙasa.

6. Idan naka LED ne, nemi Backlight, fitilar baya ke nan. Ita ce mai cin batir. Rage ta da dare.

7. Idan mutane sun koma gajeru masu ƙiba, hoton ne aka ja. Tsofaffin finafinai 4:3 suke so, sababbi kuwa 16:9.

In ka rikice, nemi Reset, komai zai koma yadda ya zo. In ka gama, rubuta lambar kowane ɗaya a littafinka, ko da yara za su taɓa.

GARGAƊI

Mai filasma na ainihi kada ya bar hoto guda tsaye na sa'o'i. Tambarin tasha ko lambar cin ƙwallo sukan bar tabo a gilashi, wani tabon kuwa ba ya fita. Har wa yau, ƙasarmu akwai zafi, da bazara yakan wuce digiri 40. Ka bar fili a bayan akwati domin iska, kada ka rufe shi da zane yana kunne. Da hunturu ka riƙa share ƙura da busasshen ƙyalle mai taushi. Kada ka zuba ruwa a gilashi.

Da dare ya yi, ƙanen ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya kwanta, yara suka yi kallo lafiya, batir ya kai su har lokacin barci. Manomin ya ce, "Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Da na yi hasarar kuɗin mota a banza. Wace rana ake ajin nan naku?"

TAMBAYOYI

1. Don me hoton talabijin yake yin haske da yawa in an kawo shi gida?
2. Faɗi hasara uku da yawan haske ke jawowa.
3. Da me za ka auna fari, da me za ka auna launi?
4. Cikin wace shekara aka fara talabijin a Kaduna?
5. Rubuta lambobin akwatin gidanku ko na maƙwabcinka, ka kawo wa malam ya gani.