Waya, goyo da ruwan sama: yadda ake tuƙa babur a damina

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga cikin waya ya hau kwalta, domin da yawanku babur ne abin hawanku, kuma wayar tana tare da ku, wani a aljihu, wani a maƙale a kan babur yana bin Google Maps. Ga shi kuma damina ta kankama.

Mu fara da ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan ka sunkuyar da kai daƙiƙa 2 kacal don ganin wanda ya turo saƙo a WhatsApp, ka yi tafiyar mita 22 ba ka ga gabanka ba. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki yake buƙata kafin ya tsayar da kai takan ninka kusan sau huɗu. Ruwa yana rage riƙon taya, goyo yana ƙara nauyi, duka biyun suna tsawaita wannan tazara. Ɗan lokacin da ya rage maka shi ne wayar take cinyewa.

Mutane sun fi tsoron ruwa mai ƙarfi, alhali farkon saukarsa ya fi santsi. Ƙura da baƙin man da motoci suka ɗiɗɗiga suna kwance a kan kwalta, yayyafi yana taɓa su sai su zama kamar sabulu, har sai ruwa ya wanke su. In da hali, ka fake na ɗan lokaci. In tafiya ta zama dole, ka kiyayi farin fentin titi, da murfin lambatu na ƙarfe, da yashin da ruwa ya kwaso ya zube a kwana. Ruwan da ya kwanta kuwa, ba ka san ko rami ne a ƙarƙashinsa ba, musamman inda kwata ta cika ta haɗe da titi. Bi sawun motar da ta wuce, a hankali.

Manyan babura na zamani suna da ABS, wata na'ura da ke auna juyawar taya, ta riƙa sassauta birki tana sake kamawa da zarar taya tana shirin ƙamewa. Irin baburanmu na yau da kullum, su Bajaj Boxer da Jincheng, ba su da ita. Hannunka da ƙafarka ne za su yi aikin. Ka haɗa birkin gaba da na baya, ka matsa sannu a hankali kana ƙarawa, kada ka damƙe lokaci guda. Akwai masu gudun birkin gaba ɗungurum wai yana kayarwa. Damƙar ce take kayarwa, shi kuwa na gaba shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Ka gama rage gudu tun babur yana miƙe, kafin ka shiga kwana. Bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, ka ɗan tattaɓa birki yayin da kake tafiya a hankali don ya bushe. Taya da zanenta ya suɗe kuma, canza ta kawai, zanen ne yake fitar da ruwa daga ƙarƙashinta.

Goyo yana mayar da nauyi baya, gaban babur ya yi sakayau. Ka sa mai faci ya ɗan ƙara wa tayar baya iska daidai yadda littafin babur ɗin ya nuna. Wanda ka goya ya matso kusa da kai, ƙafafunsa a kan matakai ko da an tsaya, kuma in ka karkata a kwana ya bi jikinka, kada ya miƙe yana jayayya da babur. Hijabi, mayafi, zani da babbar riga a tattare su kafin a tashi, domin jiƙaƙƙen tufafi yakan yi nauyi ya zazzago, tayar baya ta naɗe shi. Laima kuma a naɗe ta, iska tana iya fizgar ta ta karkatar da ku. Hular kwano ta mutum biyu ce, ba ta direba kaɗai ba.

To, ina wayar za ta zauna? Ni a ganina, aljihun ciki, cikin leda. Fuskar waya tana gane taɓawa ne ta hanyar lantarkin jikin mutum, shi ya sa ɗigon ruwa yake ruɗa ta, ta riƙa danna kanta, kai kuma ka ƙara daƙiƙu kana gyara taswira. Ka saita inda za ka tun kafin ka tada babur, ka sauke taswirar garinku a Google Maps don kada matsalar netwok ta tsayar da ita. In kana da goyo, shi ya riƙe wayar ya riƙa faɗa maka hanya tun da nisa, ba sai an zo bakin kwana ba.

Kada lambar IP ta ruɗe ka. IP67 na nufin an gwada wayar cikin ruwa mai tsabta, zurfin mita 1, minti 30, tana sabuwa. Wayar da ta sha faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta a wurin gyara ba lallai ta riƙe wannan kariyar ba, ƙananan wayoyi da yawa ma ba su da ita. Wani abin kuma, a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone da aka maƙala a jikinsa.

In wayar ta jiƙe, kada ka sa ta a caji, ko da da fawa bank ne. Ka goge ta, ka juya ramin caji ƙasa ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa na wasu awoyi. Shinkafa ba ta fi iska aiki ba, ƙurarta ma tana iya shiga ramin.