Daga Teku Zuwa Kogin Ringim: Yadda Tsuntsu Ke Gano Kifi Ya Kama Shi

Mu dai 'yan Jigawa ba mu da teku. Wanda ya tashi daga Ringim yana son ganinta, sai ya shafe fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya isa Legas. Amma tambayar da ke gaban tsuntsun teku kullum safiya ita ce ke gaban tsuntsun da ke shawagi a kan Kogin Haɗeja: a duk faɗin ruwan nan, ina kifin yake? In kuma na gan shi, yaya zan yi ya shigo bakina? Tambayoyi biyu ne daban, kuma ta farko ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Yawancinmu mun ɗauka teku cike take maƙil da kifi, duk inda ka jefa ƙugiya za ka ciro. Ba haka ba ne. Mafi yawan tsakiyar teku kamar hamada take, abinci yana taruwa ne a 'yan wurare. Ɗaya daga cikinsu shi ne gaɓar Muritaniya da Senegal. A can iska tana kore ruwan sama daga bakin gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa, ɗauke da sinadaran da suka kwanta a can, tamkar an watsa wa gona taki. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani sai su yi ta yaɗuwa, ƙananan halittu su ci su, kifin sadin ya ci waɗannan, tsuntsaye kuma su taso tun daga Turai su yi hunturu a wurin. Kenan tsuntsu ba lalube yake yi ba. Alamar wurin da abinci ya taru yake nema.

Alamar da ta fi ba ni mamaki ita ce wari. An daɗe ana cewa tsuntsu ba ya jin wari, har a littattafai. A 1995 wata masaniya 'yar Amurka, Gabrielle Nevitt, da abokan aikinta suka nuna cewa wasu tsuntsayen tekun kudancin duniya suna bin warin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DMS. Sinadarin yana fita ne idan ƙananan halittun nan masu kama da jatan lande suna cin tsirran ruwa. Ka ga ke nan warin ba na abincin ba ne kai tsaye, shelar cewa ana cin abinci a nan ce, kamar yadda hayaƙin mai tsire ke kiranka tun daga nesa. Albataros, wanda faɗin fukafukansa ke kaiwa mita 3.5, yakan bar matarsa a kan ƙwai ya yi tafiyar da ta kai kilomita 15,000 a fita ɗaya, kusan ba ya kaɗa fiffike, iskar da ke kan igiyar ruwa yake hawa. Da aka ɗaura wa wasu na'urar bin sawu, an ga kusan rabin abin da suka kama ta hanci suka gano shi, suna karkatowa su bi iska a karkace har su iso kansa.

Alama ta biyu ba ta buƙatar wani dogon bayani: kallon juna. Idan manyan kifaye suka koro ƙanana zuwa saman ruwa, tsuntsu ɗaya ya faɗa, na nesa ya hango farin jikinsa, kafin ka ce kwabo sun cika wurin. Wasu ma jiragen kamun kifi suke bi su tsinci abin da aka zubar. Wannan kam mun san shi a gida. Balbela da ke bin shanu ba don ƙaunar saniya take yi ba, farin da kofato ke tayarwa take jira.

To, mu a nan mene ne ke tara kifi wuri ɗaya, tunda ba mu da ruwan da ke tasowa daga ƙasan teku? Cikar kogi da janyewarsa. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya biyo ta Ringim ya nufi Haɗeja, inda ƙasa ta kwanta ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan hau fadama, karfasa da tarwaɗa da sauransu su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. Ba na mantawa cewa wannan cikar ce, idan ta wuce kima, take cinye gidaje da gonaki, kamar yadda mutanen Ringim suka gani a 2022. Amma cikar da ta zo daidai misali ita ce uwar kifin shekara. Daga Oktoba ruwa ya fara ja da baya, kifin da ya bazu a faɗin fadama sai ya matsu cikin tafkuna da kududdufai da ke ƙanƙancewa kullum. A daidai lokacin ne kuma baƙin tsuntsaye ke saukowa daga Turai da Asiya bayan sun ƙetare Sahara. An ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 370 a wannan yanki, kuma dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2008. Zalɓen da ka gani tsaye a bakin kududdufi a watan Janairu da masuncin da ya nufo wurin da komarsa, lissafi ɗaya suka yi.

Yanzu an gano wurin. Saura kamu, kuma a nan ne darasin fiziks ɗin da muka haddace don jarrabawa yake zama maganar ci ko kwana da yunwa.

Haske yana lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Shi ya sa cokali a kofin ruwa yake kama da karyayye. Ma'aunin wannan lanƙwasa ga ruwa 1.33 ne. Ɗauki kifin da ke zurfin santimita 40, kana kallonsa daga sama daidai kansa. Raba 40 da 1.33, za ka sami kusan 30. Wato idonka zai ce maka yana santimita 30, alhali da sauran 10. In kuwa daga gefe kake kallonsa, a karkace, kuskuren ya fi haka, kifin zai ƙara tasowa sama a ganinka, kuma duk wanda ya miƙe ya soki inda ya gani, ta saman kifin zai wuce. Mai kamun kifi da mashi ya san dole ya auna ƙasa da abin da yake gani. Zalɓe ma ya sani. Gwaje-gwajen da Gadi Katzir ya yi a Isra'ila a shekarun 1980 a kan wani ɗan uwan zalɓe na bakin teku sun nuna tsuntsun yana gyara wannan kuskure kafin ya kai sara. Idan ka lura da yadda zalɓe ke miƙa wuya a hankali, ya tsaya, ya ɗan karkata kai, sannan ya harba baki kamar kibiya, to awo yake yi.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai zanen fari da baƙi, mai dogon baki, da ba a rasa shi a bakin kogunanmu. Shi ya zaɓi wata hanyar. Sai ya tsaya cak a sama yana kaɗa fukafuki da sauri, jiki na rawa amma kai ko motsi, baki na kallon ƙasa. Yana yin haka ne don ya daidaita kansa a kan kifin sosai, domin daga can haske ba ya karkatar da shi hagu ko dama, zurfin kawai ya rage masa ya lissafa. Sai ya sako kansa. Sau da yawa yakan fito baki wayam, ya koma ya sake. In kifin ƙarami ne a sama zai haɗiye shi, in babba ne ya kai shi reshe ya yi ta buga shi har ya mutu, ya juya shi ya haɗiye ta kai don kada ƙaya ta tsaya masa a wuya.

Babban yayansa a wannan sana'a shi ne ganet na Tekun Atlantika, wanda ke faɗowa daga tsayin mita 30. 'Yan injiniya ku ɗauko kalkuleta: abin da ya faɗo daga mita 30 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 24 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 87 a awa. A irin wannan gudu ruwa ba laushi gare shi ba. Shi ya sa ganet ba shi da ƙofar hanci a waje, yana da jakunkunan iska a ƙarƙashin fatar wuya da ƙirji da ke shanye bugun, kuma dab da shiga ruwa yakan miƙe fukafukansa baya ya zama kamar mashi.

Sai dai ruwanmu ba garau yake ba, musamman da damina, jajir yake da laka. Me ido zai gani a ciki? Kun san baƙin tsuntsun nan mai dogon wuya da ke nutsewa, ya fito ya hau kututture ya baje fukafuki yana shan rana. Gashinsa yana jiƙa, ba kamar na dinya ko kirinjijiya da ruwa ke zamewa a kai ba. Wannan ba naƙasa ba ce: gashin da ya jiƙa ba ya riƙe iska, don haka nutso yana yi masa sauƙi, kuɗin da yake biya shi ne zaman shanya. A 2007 masu bincike a Jami'ar Bamingam ta Ingila sun auna ganin wani babban ɗan uwansa a cikin ruwa, suka tarar bai fi na mutumin da ya buɗe ido a ruwa ba tabarau ba. Ashe kutsawa yake yi cikin ciyawa da laka ya firgita kifi, in ya zabura kusa da shi ya cafke da ƙugiyar bakinsa. A Sin da Japan masunta sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwon irinsa, su ɗaure masa wuya sako-sako yadda ba zai haɗiye babban kifi ba, ya kamo ya kawo musu.

Kwasakwasa kuma gayya take yi. Sukan jeru kamar rabin da'ira, su koro kifi zuwa inda ba zurfi, su tsoma baki tare. Jakar da ke ƙasan bakin koma ce, ba rumbu ba: ta ɗebo ruwa da kifi, ta tsiyaye ruwan, ta haɗiye. Wani ɗan baƙin zalɓe kuma laima yake yi da fukafukansa a kan ruwa, inuwar ta kashe ƙyallin rana, ƙananan kifaye su shigo neman mafaka su faɗa hannu.

Duk waɗannan dabaru ba sa amfani in kifin ya yi ƙaranci. A 2011 wata tawagar masana ƙarƙashin Philippe Cury ta tattara bayanan nau'in tsuntsayen teku 14 daga yankunan teku 7, ta gano abu ɗaya a ko'ina: da zarar ƙananan kifaye suka ragu ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na mafi yawan da aka taɓa gani, tsuntsaye sai su fara kasa raya 'ya'yansu. Wani binciken na 2015 ya nuna tsuntsayen tekun da ake bibiya sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1950 da 2010. Hancin nan da muka yaba ma ya zame musu tarko, domin robar da ta daɗe tana yawo a teku takan ɗauki warin DMS, tsuntsu ya haɗiye ta yana zaton abinci ne.

Namu ciwon daban ne, amma wurin da yake taɓawa ɗaya ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Cikar damina da ke hawa fadama ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa, hanyoyin da a da suke bushewa suka daina. Ba wanda zai musa amfanin madatsun nan ga noman rani da ruwan shan Kano. Amma ruwan da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala ke so, ta kuwa mamaye hanyoyin ruwa da tafkuna a yankin Haɗeja da Nguru. Duba abin da hakan ke nufi ga masu kamun da muka lissafa. Mai tsayawa a sama yana buƙatar buɗaɗɗen ruwa ya leƙa. Kwasakwasa tana buƙatar fili ta yi gayya. Zalɓe yana buƙatar bakin ruwa mai ja da baya. Kacala ta rufe duka ukun, ta hana kwalekwale wucewa, sannan ta zama masaukin jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Ƙara da masu jan gidan sauro a matsayin raga, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. A ganina, masuncin da ke jin haushin tsuntsu wai yana rage masa kifi ya saki reshe ya kama ganye. Ranar da ya daina ganinsu a tafki, shi ma ya duba kwandonsa.

Ga 'yan uwana da ke shirin shiga shekarar ƙarshe suna neman batun furojet, musamman 'yan kimiyyar ɗakin gwaji da 'yan lissafin ƙididdiga, wannan fili ne da ba ya cin kuɗi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya duk watan Janairu, kuma yawancin masu yin ta 'yan sa-kai ne. Zaɓi wuri biyu a bakin kogi, ɗaya buɗaɗɗe, ɗaya da ciyawa ta rufe. Je da sassafe, rana ɗaya a mako, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rubuta irin tsuntsayen da ka gani da yawansu. Sannan ka ɗauki ɗan mai zanen fari da baƙin nan ka bi shi da ido na minti 30: sau nawa ya faɗa ruwa, sau nawa ya fito da kifi. Auna duhun ruwan da farin faranti ɗaure da igiya, ka rubuta zurfin da ya ɓace maka. Kafin ka fara, ka gaida sarkin ruwa na wurin ka nemi izini, ka kuma tambayi dattawan masunta sunan kowane tsuntsu da watan da yake zuwa, ka rubuta yadda suka faɗa.