Hoton Zayyana da Tarbiyyar Ido: Darasi Daga Kadawa

Gabatarwa

Galibin mutane sun saba da hoton da ke nuna mutum ko gida ko dabba. Amma akwai wani nau'in hoto wanda mai ɗaukarsa ke matsawa kusa da abu ƙwarai har siffarsa ta ɓace, sai layuka da launi da haske da inuwa kaɗai su rage. Wannan shi ne hoton zayyana. A shekarun 1920, Alfred Stieglitz na Amurka ya riƙa ɗaukar hoton gajimare zalla, ba tare da nuna ƙasa ba. Bayansa kuma Minor White ya koya wa ɗalibansa su natsu su yi shiru kafin su taɓa kyamara.

Abin Lura a Kadawa

Filayen noman rani na Kadawa, a yankin Kura da Bunkure, suna shan ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Wuri ne da zayyana ta wadata, kuma kowace tana da dalilinta.

Laka idan ta bushe takan tsage gida-gida, domin samanta na rasa ruwa ya tsuke kafin ƙasanta. Ganyen shinkafa idan aka ɗaga shi ga rana, za a ga jijiyoyinsa a jere, ba sa gilma juna. Na tumatir kuwa sun sarƙe kamar raga. Da wannan bambanci masana ke rarrabe manyan rukunoni biyu na tsirrai masu fure. Wata gansakukar magudanar ruwa, mai suna Spirogyra, a ƙarƙashin madubin ƙara girma takan nuna koren zare a murɗe, wanda da shi take haɗa abinci daga hasken rana.

Natsuwa da Tafakkuri

Mai neman irin wannan hoto tilas ya zauna ya daɗe yana duban abu guda. A wannan zama gaggawa kan ragu, hankali ya tattaru wuri ɗaya. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa tunani a kan halittar Allah ibada ce, kuma wanda bai tsaya ya duba ba, ba zai sami abin da zai yi tunani a kansa ba. Ilimin halittu ma daga wannan tsayawa yake farawa.

Haka kuma amfanin duban ya kai har aljihun manomi. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano, har da Kadawa. Alamarta ta farko fararen tabo ne a ganye, inda ta cinye naman ciki ta bar fata. Idon da ya saba da lafiyayyen ganye shi ne zai riga kowa ganinta.

Aiki ga Ɗalibai

Ɗalibi ya zaɓi abu guda a gona, ya dube shi minti 10 cikin shiru, sannan ya ɗauki hotonsa da waya, ko ya zana shi. Ya rubuta abin da ya gani, da dalilin da yake tsammani. Malami ya tabbatar ba wanda ya shiga ruwa, domin katantanwar magudanai kan ɗauki ƙwayar cutar tsargiya.