Dashen Maƙwallato

Ku sani, ya jama'a, maƙwallato, wato tudun nan na wuya da ke hawa da sauka idan an haɗiyi yawu, hidima uku Allah Ya ɗora masa: shi ne ƙofar numfashi, shi ke tsare huhu kada loma ta saki hanya, kuma a cikinsa ne tantanin da ke haifar da murya yake. Wanda sankara ko haɗari ya lalata masa shi har ta kai ga cirewa, sai a huda masa kafa a gindin wuya ya riƙa shan iska ta nan, ƙanshin abinci ya ɓace masa, ruwan wanka ma ya zama abin tsoro, balle a zo ga amsa sallama.

A 1998, a asibitin Cleveland na Amurka, Dokta Marshall Strome ya ɗauko maƙwallaton mamaci, haɗe da jijiyoyinsa da wani yanki na maƙogwaro, ya dasa wa wani bawan Allah wanda haɗarin babur ya raba shi da magana shekara 20, kuma a kwana na 3 ya buɗe baki ya yi furuci. Abin al'ajabi, ba muryar mamaci ke fitowa ba, domin baki da hanci da harshen mai rai su ke ba sauti kamanninsa.

Amma fa kada a yi gaggawar murna. Jiki ba ya karɓar baƙo da son ransa, saboda haka wajibi ne a sha maganin danne garkuwar jiki har iyakar rayuwa, alhali kuwa akasarin masu wannan lalura sankara ce ta jawo musu, musamman ta shan taba, ita kuwa raunin garkuwa take jira ta dawo. Tun da ana iya rayuwa babu murya, likitoci suka yi ta ɗari-ɗari, kuma a ganina ba su yi kuskure ba. Shi kansa dashen na Cleveland, bayan kimanin shekara 14 jiki ya ƙi shi, aka cire.

Tsoron dawowar sankara ne ya sa da asibitin Mayo na Arizona ya yi wa mai sankara wannan aiki a 2024, aikin da ya ci sa'a 21, sai da aka sami wanda da ma yana shan maganin, albarkacin dashen ƙoda da aka yi masa tun da fari.