Yadda Ake Shirya Tashe a Ƙofar Gayan

Tashe wasa ne na watan azumi, inda yaro ke ajiye sunansa na ɗan lokaci, ya yi shigar wani mutum, ya ari bakinsa da tafiyarsa, abokansa na yi masa amshi. A Ƙofar Gayan, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, ana fara shi idan azumi ya kai 10, kamar sauran ƙasar Hausa. Hausawa sun kasa watan gida uku: goman marmari, goman wuya da goman ɗokin salla. Tashe na goman wuya ne, lokacin da jiki ya yi laushi, mutane na neman abin da zai ɗebe musu gajiya bayan an sha ruwa. Masana da dama na danganta sunan da al'adar tashin mutane sahur.

Shiri yana farawa kwanaki kafin ranar fita. Yaran layi ɗaya, sa'o'in juna, sukan haɗa ƙungiya, maza daban, mata daban. Sai a tsai da shugaba, wanda zai tsara hanyar da za a bi, ya riƙe abin da aka samu, ya raba gardama. Bayansa sai mai bayarwa, wato mai jan waƙa, sauran kuma su zama 'yan amshi. Ƙungiyar da ta yi sakaci da zaɓen shugaba ba ta cika kai ƙarshen goman ba tare da ta watse ba, domin rigimar kuɗi ke fara raba ta.

Daga nan sai zaɓen wasa, kuma nan ne aikin yake, domin kowane wasa da ƙa'idarsa. Jatau mai magani na buƙatar yaro mai kaifin harshe da riƙe sunaye, wanda zai rataya jakar saiwoyi da sassaƙe, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin cutar da kowanne ke warkarwa. Tsoho da gemu ba ya son yawan magana. Jiki ne ke aiki: a ranƙwafa, a dogara sanda, ƙafa na rawa, murya na karkarwa. A wasan malam kuwa, yaro ne zai naɗa rawani, ya ɗauki allo da buzu, 'yan amshi na tuhumarsa da taka rawa, shi yana musu alhali ƙafarsa na motsi. Gishirin wasan duka yana cikin wannan musun. 'Yan mata suna da nasu, irin Mairama da Daudu, inda ɗaya ke sa riga da hula ta zama maigida, ɗaya ta zama amarya, a nuna yadda zaman aure ke tafiya. Wanda ya ƙware a wani wasan yana iya kasa wani, shi ya sa shugaba mai basira ke duba halin kowane yaro kafin ya ba shi matsayi. Akwai tsofaffin wasannin da ke kwaikwayon wata ƙabila ko mai naƙasa. Waɗannan sun fi dacewa a bar su, domin dariyar da za ta sosa ran maƙwabci ba ta dace da watan ba.

Kayan wasa ba saye ake yi ba. Auduga ta zama gemu, gawayi da toka su sauya fuska, tsohuwar rigar uba ta zama ta malam, gwangwani ya zama ganga. Mata kan kifa ƙwarya a kan ruwa cikin roba su kaɗa. Sai a yi gwaji dare biyu ko uku a zaure ko dandali har amshi ya daidaita.

Ana fita bayan sallar asham. Idan aka isa gida sai a yi sallama, a sanar cewa 'yan tashe ne, a jira izini. In an ce a yi, a yi. In an ba da haƙuri, a wuce ba tare da ƙorafi ba. Ƙananan yara da 'yan mata ne ke shiga cikin gida, samari kuwa iyakarsu ƙofar gida, shaguna, teburin mai shayi da majalisar dattawa.

A gaban jama'a ne ake gane gwani. Waƙar sananniya ce, amma abin da zai faru ba a rubuce yake ba. Wani dattijo na iya tambayar Jatau maganin talauci, ko wata uwargida ta ce wa Daudu cefanensa bai isa ba. Dole ɗan wasa ya amsa nan take da bakin wanda yake kwaikwaya, kada ya yi dariya, kada ya koma muryarsa. Wannan ne ya kusanta tashe da wasannin tebur na ƙasashen Turawa, irin Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A can, 'yan wasa na zaune, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagora na ba da labari, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a san ko yunƙuri ya yi nasara.  A tashe babu ɗan ludo. 'Yan kallo ne alƙalai, hukuncinsu kuma dariya ce da tukuici.

Tukuicin kan zama kuɗi, gero, dawa ko abin da aka rage na buɗa-baki. Shugaba ya karɓa, a yi godiya da addu'a, a ƙara gaba. Ya kamata a tashi da wuri, a kuma tsaya cikin unguwa inda aka san iyayen kowa.

Idan aka shiga goman ƙarshe, tashe yakan ja baya, hankali ya koma kan tahajjud da ɗinkin salla. A lokacin ne ake zama rabo. Wasu ƙungiyoyin sukan raba daidai wa daida, wasu su ƙara wa wanda ya yi shiga da mai bayarwa, wasu kuma su sayar da hatsin su haɗa kuɗin, su yi girkin salla tare.